Duwatsun Murhun Kaka Tabawa

Ranar da aka fara hura wuta a sabon murhun gidanmu, mu shida ne a tsakar gida. Akwai Kaka Tabawa, uwar mahaifina, zaune bisa turmin da aka kife, sandarta tsakanin gwiwoyi. Akwai Inna tsaye bakin ɗaki, ƙunshin kayanta a ɗaure kusa da ƙafarta. Akwai ƙanena Illa, ɗan shekara uku, kwance kan tabarmar kaba a inuwar rumbu, ciki a kumbure, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Akwai Kawu Lawali, wan Inna, da ya zo daga wajen Kona a kan jaki. Akwai Gaisha, wata Buzuwa da fari ya koro daga arewa ta sauka bayan gidanmu. Sai ni, Tasalla, ina 'yar shekara goma ko sha ɗaya, rungume da damin kara guda. Laraba ce, cikin tsakiyar bazara, shekarar da soja suka karɓi mulki. Mahaifina ba ya nan, ya ƙetara Najeriya neman abin da za mu ci tun da kaka, kuma ba mu ji ɗuriyarsa ba. A kan damin karan nan aka rataye zaman gidanmu. In ya dafa tukunyar anza har ɗacinta ya fita, Inna za ta zauna. In ya ƙare tukunya ba ta nuna ba, za ta goya Illa, ta kama hannuna, mu bi hanyar Maradi, mu bar tsohuwa ita kaɗai.

Wanda bai san ƙasarmu ba, ba zai gane yadda dutse uku za su kai gida ga wannan hali ba. Ƙauyenmu yana tsakanin garin Sarkin Hausa da Mayahi, kuma a can rairayi ne ko'ina, sai ka yi yini kana tafiya ba ka yi tuntuɓe da tsakuwa ba. Yawancin mata da tsoffin tukwane suke murhu, su kife guda uku su aza tukunya a kai, wasu kuma su fasa suri su ɗauko curin ƙasarsa. Duk ba su daɗewa, wuta na cin su su farfashe. Kaka Tabawa kuwa duwatsu gare ta na gaske, baƙaƙe, masu santsi, kowane ya kai girman kan ɗan maraƙi. Kakanta ne ya ɗauko su a bayan jaki daga ƙasar Damagaram lokacin yana fatauci, uwarta ta yi girki a kansu, ita ma da ta tare aka kafa mata su a tsakar gidan nan. Tun ranar da aka kafa su ba su motsa ba. A wajenmu ba a ɗaga dutsen murhu sai a kan abu biyu, mutuwar mai shi ko ƙaurar gida. In ka ga mace ta tone duwatsunta ta jingine su jikin danga, ba sai ka tambaya ba, ka yi mata addu'ar sauka lafiya kawai. Kaka takan ce, "Dutsen murhu haƙorin gida ne, in ya fita ba ya komawa."

Na buɗe ido na tarar da wuta a tsakanin duwatsun nan, kuma kafin fari ba wanda ya taɓa tunanin tana cin itace da yawa. Daji na nan kusa, sabara da kalgo da geza, mu fita da hantsi mu da 'yan matan unguwa, kafin rana ta take mun dawo da kaya niƙi-niƙi, bakinmu duk magarya. Da kaka karan hatsi har ruɓewa yake a gona. Mukan yi namu murhun bayan rumbu da ƙwallon goruba uku, mu aza fasasshen kasko, mu tuƙa tuwon ƙasa mu yi masa miyar ganyen tafasa, mu kai wa 'yan tsanarmu na kara. Wadda ta jera gorubarta a karkace har kasko ya tuntsure, ita ce abin tsiya a dandali ranar, a sa ta cikin waƙar gaɗa. Ni ba a taɓa sa ni ba. Tun ina ƙarama mai kallo ce ni, ba mai surutu ba, in na ga an yi abu sau ɗaya ya zauna mini. Da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, cikin rumbu Kaka ta jefa ni ta rufe, na yini ina shaƙar ƙaiƙayi har mushe, malamin makarantar, da dogarin mai gari suka wuce. Ban san baƙi ba har yau. Abin da na karanta a duniya, a bakin murhu na karanta shi.

Sai ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ta wuce hatsi bai fi gwiwa ba, ta biyun ta zo ko tsiro ba mu gani da kyau ba. Shanu suka fara faɗuwa, sai ka ga saniya ta durƙusa bakin rijiya ba ta ƙara tashi ba. Rumbunmu ya koma wurin kwanan ƙadangaru. Muka ci dusa, muka ci jiga, muka sussuke ƙarangiya muna tsintar ɗan ƙwayar da ke cikinta, daga ƙarshe muka koma ga anza. Ku 'yan yanzu ba ku san anza ba, kuma Allah kada ya sa ku san ta. Ƙwaya ce kamar wake, amma ɗacinta ya fi maɗaci. Sai an jiƙa ta an zubar da ruwan, an tafasa an zubar, an sake tafasawa da toka, kafin ta zama abin da ciki zai karɓa. In aka ci ta ɗaci bai gama fita ba, babba zai yi jiri, yaro kuwa sai abin da Allah ya yi. To, abinci ke nan mai son wuta fiye da kowane abinci, ya zo a shekarar da babu abin konawa. Babu kara don ba a yi hatsi ba, ɗan abin da ya rage dabbobi sun cinye. Babu kashin shanu don shanun sun ƙare. Sabara an sare ta har an tone saiwa. Manyan itatuwa kuma ba a isa a taɓa ba, masu tsaron daji na yawo, in suka ga ɗanyen sara sai su bi sawu har gida. Gawo ɗaya ya rage a gonar mahaifina, 'ya'yansa ne abincin akuyarmu ta ƙarshe, nonon akuyar kuma shi ne na Illa.

Neman makamashi da tsaron wuta aikina ne, don Inna na can wajen rijiya da ɗibar anza, Kaka kuma ƙafafunta sun ƙi. Na riƙa fita tun sanyin safiya, in wuce gonaki, in wuce inda muke tsayawa da, in dawo da azahar da abin da bai cika zane ba, ƙirare da busasshen tumfafiya da ɗan kashin jaki. In na hura, sai in zauna ina kallon wahalata tana tafiya banza. Iskar bazara ta gabas takan shigo ta tsakanin duwatsu ta kwashe harshen wutar ta fitar da shi ta yamma, tukunya na sama tana jira, wuta na gefe tana dafa rairayi. Da na lura da haka sai na samo dabara irin ta yaro. Nakan tsugunna a ɓangaren gabas, in ba iska baya, in baza zanena, in zama ni ce bango. Rana na dukan ƙeyata, wuta na gasa ƙaurina, hayaƙi na cika mini ido. Wata rana gefen zanen ya kama, kafin in kashe ya ci mini ƙafa. Tabon na nan a ƙaurina na dama, jikokina na tambaya, ni kuwa ba kullum nake ba su amsa ba. Ban faɗa wa kowa ba a lokacin, na shafa toka na saki zane a kai.

Da abin ya ƙi, sai muka fara cin gidanmu da kanmu. Danga ce ta fara tafiya, ta kara ce da aka yi tun shekarar ƙoshi. Kullum Inna ta zare runguma guda daga bayan ɗaki inda ba a gani, sai gefen makewayi, sai gefen gabas, har ya zama mai wucewa a hanya yana ganin abin da ke cikin tukunyarmu. Kaka na kallo, sai dai ta daina zama ta fuskar hanya. Zare dangar kuma ya ƙara wa iska ƙofa, wutar ta ƙara ci. Wata rana kara ya ƙare mini anza na tsakiyar tafasa ta biyu. Na hura, na hura, toka kawai ke tashi. Yunwa ba ta san jira ba, aka sauke aka ci haka nan. Mu manya muka yini da jiri. Illa kuwa ya kama amai da zawo, ya daina kuka, ya daina bin akuya da ido. Inna ta ɗora shi a cinya tana ɗiga masa nono da yatsa, fuskarta kamar an sassaƙa ta da icce.

Gaisha ce ta fara nuna mana ana iya yin wuta wata iri. Ta zo ƙauyenmu ita da 'yarta da tabarmi biyu, ta ce raƙumansu da awakinsu duk sun zube a hanya, mijinta ya tafi neman sauran danginsa. Doguwa ce, ba ta roƙo, in Inna ta ba ta ruwa sai ta saƙa mana faifai ta aje. Ita ba ta da dutse ko ɗaya. Rami take tonawa a ƙasa, ɗan siriri, ta bar masa baki guda, ta aza 'yar tukunyarta ta ƙarfe bisa, ta dafa abin da za ta dafa da ƙirare cikin tafin hannu. Na tsaya na kalla, na je na kira Inna ita ma ta kalla. Da yamma Inna ta durƙusa gaban Kaka ta ce, "Iya, ki bari mu tone duwatsun nan mu yi rami irin na baƙuwa. Iska na cinye mana rai." Kaka ta ce, "Haɓsu, mutuwa na yi ko tashi muke?" Inna ta ce to a bar duwatsun inda suke, ita ta tona raminta can gefen ɗakinta. Kaka ta buga sanda a ƙasa. "Murhu biyu gida ɗaya? Ɗana na bisa hanya, ya dawo a ce mishi matarshi ta raba tukunya da uwarshi? Ki jira in rufe ido tukuna." Ka ji inda muka maƙale. Ɗagawa ƙaura ce, ƙarawa rabuwa ce, barin su yadda suke kuma yana kashe yaro. Kada wani ya ce Kaka muguwa ce. Ita ce ke rage rabonta ta tura wa Illa. Tsoro ne ya kama ta, ta ga gidajen maƙwabta suna tashi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauka muddin duwatsun na wurinsu, ɗanta zai sami inda zai komo.

Ana cikin haka Kawu Lawali ya iso. Shi ya kawo mana labarin soja sun hau, ya ce ya ji a rediyon wani mai tebur, kuma an ce kamyo, babbar motar kaya, zai riƙa zuwa Mayahi da hatsin taimako. Kaka ta ce, "Soja ko ba soja ba, su na sa a yi ruwa?" Ya zo da 'yar jar dawa a ƙasan buhu, ya kuma kwanto wani abu daga bayan jaki yana murmushi kamar ya kawo amarya. Murhun ƙarfe ne, wani maƙeri ya yanka tono, gangar mai ta ƙarfe, ya ƙera, da ƙafafu da 'yar ƙofa da raga a ciki. Ya ce aro aka ba shi, in mun yarda a ba maƙerin akuya. Ya ce irinsa matan ma'aikata ke girki da shi a Tasawa, ba hayaƙi, ba toka a ido, in iska ta juya ka ɗauke shi ka juya. Inna ta shafa shi, na ga idonta ya yi haske. Kaka ta leƙa ciki ta ce, "Me yake ci?" Kawu ya ce gawayi. Ta ce, "Gawayin daga ina?" Ya dubi wajen gona, inda kan gawonmu ke leƙowa. Kaka ta ce, "Lawali, kai da hankalinka. Mu ba da akuya mu sayi murhu, mu sare gawo mu ciyar da murhu, sannan mu ba yaro murhu ya tsotsa?" Kawu ya sosa ƙeya ya ce, "Iya, ai ni gyara na zo yi." Ta ce, "Na sani. Mai da wa maƙeri kayanshi, ka gaishe shi." Aka kuma gwada aza babbar tukunyarmu ta yumɓu a kai, gindinta mai faɗi ya ƙi zama. Ko ramin Gaisha ma da Inna ta gwada a can wajenta, nauyin tukunyar ya rusa bakin rairayin. Kowane murhu da tukunyar da aka yi shi dominta.

Washegarin zuwan Kawu, Inna ta ɗaure kayanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Iya, ki gafarce ni. Na binne biyu a garin nan kafin fari, ba ni binne wannan saboda dutse." Kawu ya sunkuyar da kai. Gaisha na tsaye inda danga take a da, don yanzu babu abin da ya raba gidanmu da masaukinta. Ni kuwa ina bakin aikina, tsugune gabas da murhu, zane a baje. Iska ta ɗaga gefen zanen, Kaka ta ga ƙunar da na ɓoye, ta riga ta yi ruwa. Ta ce, "Ke, zo nan." Na ce in na tashi wuta za ta tafi. Ta daɗe tana dubana, ta dubi wutar, ta dubi inda harshenta ya miƙe tsaye ƙarƙashin tukunya saboda bayana ya tare. Ta ce, "Tun yaushe kike zama nan?" Na ce tun da aka fara anza. Sai Gaisha ta yi magana da Hausarta mai ɗauri, ta ce, "Tsohuwa, rami ba komai ba ne, ƙasa ce ta kewaye wuta. In wutarki ba ta sauka cikin ƙasa, ƙasa ta hau ta same ta." Kaka ta miƙa sanda ta taɓa duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga jikoki. Sannan ta ce, "Na ce ba a ɗaga su, kuma ba a ɗagawa. A gina musu ɗaki inda suke. Yarinya ta gaji da zama bango." Ta juya wajen Inna. "Haɓsu, ki ba ni kwanakin da laka za ta bushe. In dami ɗaya bai dafa tukunya ba, ki tahi, na yafe miki, ni da kaina zan gaya wa ɗana ni na kore ki." Inna ta ce ta ji, amma ba ta kwance ƙunshin ba.

Kawu ya ɗauki gatari ya fasa wani tsohon suri a bakin gona, ni da jaki muka yi ta jigilar ƙasar. Muka daka ta a turmi, muka haɗa da kashin jaki da ƙaiƙayin da na share daga gindin rumbu. Ruwa ne matsala, rijiya ta yi nisa ƙasa, ba mai zuba ruwan sha a laka. Kaka ta ce a daina zubar da ruwan ɗacin anza, a tara shi a tulu. Da shi muka kwaɓa, na taka da ƙafa ɗaya don ɗayar na ciwo, aka rufe da tsohuwar tabarma ta kwana ta yi danƙo. Kaka ta sa aka aza tukunyar a kan duwatsun, aka gina laka kewaye da su har ta kai wuyan tukunya, aka bar tazarar yatsa biyu don hayaƙi ya sami hanya. Gaisha ta yanka ƙofa guda da wuƙarta, ta ce kada ta dubi iska ido da ido, a ɗan kauce. Inna ta shafe jikinsa da jiƙaƙƙen hannu har ya yi sumul. Duwatsun suka shige ciki, ba a ganin komai nasu sai kawunansu ta sama in an sauke tukunya. Matan da suka rage a unguwa suka riƙa zuwa kallo. Wata ta ce, "Tabawa, kabari kika yi wa duwatsun uwarki?" Kaka ta ce, "Lulluɓi na yi musu, sun tsufa kamar ni." Kafin ya bushe, a ramin Gaisha aka riƙa ɗumama mana abin da za mu sa a baki, a matsayin maƙwabtaka, don kada a ce an hura wuta ta biyu a gidanmu. Murhun ya tsage a wuri biyu, na cike da yatsa.

Ranar Larabar, damin da ke hannuna shi ne ƙarshen dangarmu, na gefen ƙofa. Na je wajen Gaisha na ɗebo garwashi a kasko. Kaka ta yi bisimilla, na tura kara uku ta ƙofar, na hura sau ɗaya. Wutar ta kama da wani irin gurnani da ban taɓa ji ba, ta tsaya cikin ɗakinta, ta lashi gindin tukunya ta kewaye shi. Iska ta zo kamar kullum, ta ɗaga ƙasa, ta kaɗa gefen tabarmar Illa, ta bugi laka ta wuce. Ƙafafuna suka kai ni gabas da kansu, har na fara tsugunnawa, Kaka ta ce, "Tashi daga nan, an sallame ki." Na koma bakin ƙofar murhu ina tura kara ɗaya-ɗaya, in wannan ya ci rabi in tura wani. Kawu na jan carbi, idonsa a kan damin. Tukunya ta tafasa, Inna ta tsiyaye ruwan a tulu, ta zuba sabo. Ta sake tafasa, aka sa toka. Ni dai ina duban dami ina duban tukunya, kowane kara na tura sai in ji kamar taku ɗaya ne a hanyar Maradi. Rana ta karkata. Inna ta buɗe, ta tsamo ƙwaya guda da tsinke, ta hura, ta sa a baki. Ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa, mu duka muna kallon muƙamuƙinta. Ba ta ce ta yi ba, ba ta ce ba ta yi ba. Ta juya ta nufi ƙunshin kayanta, ta durƙusa, ta kwance ƙullin, ta zaro ludayinta. Ta ce da ni, ba tare da ta kira sunana ba, don ni ce 'yar fari, "Ke, kada ki kashe. Garwashin nan ya isa in dama wa yaro kunu." Na dubi gefena, kusan rabin damin na nan. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ranar hayaƙin sama ya yi.

Ba zan ce murhu ya kawar da yunwa ba, ƙarya ke nan. Mun ci gaba da cin anza har ruwa ya sauka, jar dawar soja ta zo wani lokaci, wani lokaci a je Mayahi a dawo da buhu a ninke. Amma abin da nake tsintowa da safe ya riƙa isa, gawo ya tsaya, akuya ta rayu, Illa ya tashi. Yau shi ma yana da jikoki, kuma in ya yi mini gardama nakan tuna masa da wanda ya tsare masa wuta. Mahaifina ya dawo ana shuka, da tari da rabin buhu, ya tarar da tukunya ɗaya. Gaisha ta naɗe tabarminta da ruwan farko ta yi arewa, ban ƙara jin labarinta ba, ban kuma daina sa ta cikin addu'a ba. Kaka ba ta ga kaka biyu bayan nan ba. Da aka yi sadakar bakwai, tsofaffin mata suka zo a fasa murhu a ɗaga duwatsu yadda aka saba. Inna ta tsaya a gabansa ta ce, "Tana raye ba a ɗaga ba, ba ni ɗagawa bayanta." Da wani farin ya sake zuwa bayan na yi aure, har an fara yawo ƙauye-ƙauye ana koya wa mata ginin murhun laka, mu a unguwarmu sai dai mu ce Allah ya jiƙan Tabawa.

Yanzu ɗana ya sayo wa matarsa murhun gaz, ta murɗa abu wuta ta tashi shuɗiya, ba kara ba toka. Ban raina shi ba. Hayaƙi ya ci mini ido ɗaya, ba na so ya ci nata. Itatuwa ma sun dawo gonaki tun da manoma suka koyi barin tsiron kututture, yarinya ba ta yin yini a daji saboda ƙirare. Amma ina kallon 'yan matan yanzu, su tafi kasuwa su zaɓi murhu don ƙyallinsa, ko don na maƙwabciya irinsa ne, ranar da tukunyar gaz ta ƙare sai ka ga mace tsaye a madafa kamar baƙuwa, ba ta san ta inda iskar gidanta ke shigowa ba. Da matar ɗana ta tambaye ni wanne ya fi, na ce mata ta dubi gindin tukunyarta, ta dubi iskar tsakar gidanta, sannan ta tambayi kanta me za ta ba shi ya ci a shekarar da babu. Ta yi dariya ta ce, "Iya, ke kullum shekarar da babu." Wanda bai taɓa ƙona dangar gidansu ba, ba laifinsa ba ne in bai ji ba. Na dai sa an gina mini nawa na laka a kusurwa, kuma ba wanda ya ce an raba tukunya, don wannan maganar ma ta mutu tare da masu ita. Wani lokaci nakan so a ce akwai sauran wanda zai ji tsoron abin.

Washegarin ranar Larabar nan na riga kowa tashi. Na taɓa jikin murhun, da sauran ɗumi a cikinsa. Rabin damin na jingine inda na bar shi. Na ware abin da zai yi girkin ranar na aje, na kwashi sauran na tafi gefen ƙofa, inda ramukan danga suke a jere. Na durƙusa na riƙa soke kara ɗaya-ɗaya a gurbinsa, ina danne gindin da rairayi. Bai fi taku biyu na rufe ba, ko akuya ba zai tare ba. Kaka na bakin ɗakinta tana alwala, ta ɗago ta gani, sai ta jawo turminta ta zauna tana fuskantar hanya. Mai shirin tashi ba ya gyaran danga.